Kara, Taki da Ikon Ƙaramar Hukuma a Ƙasar Gumel

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, duk garin da mutum ya shiga a ƙasar Gumel ta jihar Jigawa, daga Ɗanzomo a Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyaka, zai tarar gona ta biyo mai ita gida. Hatsi ya shiga rumbu ko buhu, amma abin da ya fi hatsin cin wuri shi ne abin da ya ragu bayan girbi. Karan gero da na dawa an jingine su dami-dami a bayan katanga. Harawar wake da ta gyaɗa an ɗora bisa soro, wata an cusa ta a rassan darbejiya inda akuya ba za ta kai ba. Ga kowar wake a buhuna, ga karan riɗi bayan an kaɗe, ga juji a ƙofar gida yana ƙara tudu, yana jiran bazara a kwashe shi a amalanke zuwa gona.

Baƙon da ya zo daga birni zai ce ƙazanta ce. Mai kayan kuwa ya san dukiya ya tara. Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, sauran watannin shekara dabba da abin da aka ajiye mata take rayuwa. Damin harawar da ake bayarwa da arha a kaka, in bazara ta yi tsanani sai ya zama abin nema, kuma akwai shekarun da kwari ke ɓata waken kansa, harawar ce ke fid da manomi. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana tara shanu da raguna da raƙuma daga ƙauyukan nan da kuma ƙetaren iyaka a ƙasar Damagaram, a loda su manyan motoci zuwa kudu. Kowane ragon turke da aka kai can yana sheƙi, harawa da dusa da kowa ne suka gina shi. Karan ma ba ya tsaya kan dabba. Shi ne danga, shi ne rufi, shi ne makamashin tuwo a yankin da itace ya yi wuya, tokarsa kuma ta koma juji.

Akwai mai haƙƙi na uku a kan karan nan wanda ba ya magana, wato gonar kanta. Ƙasar nan rairayi ce, iska na kwashe ta idan aka bar ta tsirara. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe da nuna cewa barin karan gero a shimfiɗe a gona, kimanin tan biyu a kowace hekta, yana rage yashin da iska ke ɗauka ƙwarai, yana kuma taimakon amfanin baɗi. Manoma ba su jahilci wannan ba. Abin da ya hana su shi ne duk karan da aka bari a gona ba ya kwana uku. A da akwai wata fahimta tsakanin manomi da Bafulatani: shanu su sauka a gona bayan girbi, su ci kara, su bar kashi, wani lokaci har manomi ya ƙara da hatsi don a daɗe masa. Yau mutane sun yi yawa, makiyaya ta matse, burtali ya tsuke, kara ya zama kayan sayarwa. Wanda bai kwashe nasa da wuri ba ko dabbobi su cinye ko wani ya ɗaure ya tafi da shi da dare. Don haka ake jawo shi cikin gari, inda ido ke kansa.

Daga nan damuwar maƙwabta take farawa, kuma ta farko wuta ce. Kara yana gama bushewa daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, daidai lokacin da kowane ɗaki ke da kaskon garwashi, yara na hura wutar jin ɗumi a lungu, samari na cinna wa ciyawa wuta don fito da gafiya. A garin da danga ke manne da danga, tartsatsi ɗaya ya isa. Motar kashe gobara, inda take, tana hedikwata, kuma hanyar ƙauye a rairayi ba ta gudu ba ce. Kafin ta iso, abin da matasa suka iya yi da bokiti da ƙasa shi ne kawai aka yi. Asarar ba ta tsaya kan mai karan ba. Rumbun maƙwabci da tumakin matarsa da kayan ɗakin 'yarsa da ake tarawa shekara da shekaru duk suna cikin lissafin.

Abin da na fi so a lura da shi shi ne yadda wannan damuwa ke da wuyar faɗa. Mutum yana ganin karan maƙwabcinsa ya jingina da bangon ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Iyakar abin da zai iya shi ne ya ce, "Malam, da ka ɗan matsar da karan nan, iskar bana ba ta da kyau." Shi kuma ya amsa, "In kai shi ina? Wa zai tsare mini?" Dukansu biyu suna da gaskiya. Mai ƙorafin ba zai je wurin mai unguwa ba, balle sakatariya, domin kai ƙarar maƙwabci, wanda galibi ɗan'uwa ne ko suruki, abu ne da ake daɗe ana tunawa. Sai ya haɗiye, ya kwana da fargaba. Amfanin doka ta bai-ɗaya a irin wannan wuri shi ne ta ɗauke nauyin daga wuyan mutum ɗaya. Idan an san cewa a garin nan ba a jingina kara da ɗakin kwana, kuma ga inda ake kai shi, babu wanda ya ci fuskar wani.

Ruwa shi ne na biyu, kuma ya fi wuta ɓoyuwa. Mutanen yankin nan ba su da babban kogi, rijiya da famfon tuƙa-tuƙa da rijiyar burtsatse su ne abin sha. Rairayi kuwa ba ya riƙe ruwa, yana zarcewa ƙasa da sauri da duk abin da ya narke a cikinsa. Jujin da ya shekara kusa da bakin rijiya, ko turken shanu da fitsarinsu ke tsuma wuri guda, suna tura sinadarin naitaret cikin ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace lita ta ruwan sha, saboda illarsa ga jinin jarirai. Ba ya canza launin ruwa, ba ya wari, sai an auna. Ga kuma gaskiyar da ba a son faɗa: jujin gida ba kashin awaki da toka kaɗai ba ne, a nan ake juye fo ɗin yara. Ruwan farko na damina ya wanke shi zuwa kududdufin da yara ke wanka, ko ya gangara bakin rijiyar da ba ta da dakali. A annobar amai da gudawa ta 2021 Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki a Nijeriya. Ba juji kaɗai ya jawo ta ba, amma duk wanda ya san yadda cutar ke bin ruwa ba zai so tarin shara a saman rijiya ba. Tazarar mita 30 da ma'aikatan lafiya kan ba da shawara tsakanin masai da rijiya ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema ga juji.

Ɓeraye da macizai da ke samun mafaka a tarin kara kowa ya san su. Wanda ba a cika sani ba shi ne tsutsar da ke huda karan gero da dawa. Ba ta mutuwa da rani, kwanciya take yi a cikin busasshen kara har ruwa ya sauka, ta zama malam-buɗe-littafi ta koma kan sabuwar shuka. Masana a Samaru sun yi aiki a kan wannan tun shekaru da dama, har suka nuna cewa babbaka karan sama-sama bayan girbi na kashe mafi yawanta ba tare da ya hana amfani da shi wajen danga ba. Ke nan inda aka tara kara, da lokacin da ya kamata a gama da shi, magana ce da ta shafi gonar kowa a gari.

Waɗannan tsofaffin matsaloli ne, kakanni sun san su sun kuma iya zama da su lokacin da gari ke da fili. Akwai sababbi guda biyu. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi daga 2022, aka kuma cire tallafin man fetur a 2023 sufuri ya ƙara tsada, manoman arewa sun koma neman kashin kaji, ana kawo shi buhu-buhu daga gonakin kaji na nesa. Taki ne mai ƙarfi, amma idan aka jibge shi a cikin unguwa ya jiƙe, warinsa na hana zama, ƙuda ya cika gida, kuma idan daga gonar da murar tsuntsaye ta shiga ya fito, yana iya ɗauko cutar ya kawo wa kajin gida. Nijeriya na fama da wannan cuta jefi-jefi tun da ta ɓulla a 2006.

Na biyun ya fi tayar mini da hankali: robobin maganin feshi. Noman riɗi da wake da zoɓo na sayarwa ya sa feshi ya shiga kowace gona, na ciyawa da na kwari. Idan maganin ya ƙare robar ba ta zama shara a idon mutane, domin tana da murfi mai kyau. A ciki ake zuba man gyaɗa, a ciki yaro ke ɗaukar ruwa zuwa kiwo, wata ta zama buta. Ɗauraya ɗaya ba ta fid da guba daga jikin roba. Ragowar fiya-fiya da ƙwayar da ake sa wa hatsi kuma a ɗakin kwana ake ajiye su, ƙarƙashin gado. Mun riga mun ga abin da sakaci da waɗannan magunguna ya jawo a kasuwa, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin kwari da ta samu a cikinsa. Turai na da ɗakin gwaji da ke kama abin a bakin tashar ruwa. Uwar da ke zuba wa ɗanta kunu daga tsohuwar robar feshi ba ta da kowa tsakaninta da gubar.

To wa ke da alhakin tsara duk wannan? A takarda amsar a fili take. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara da kula da magudanan ruwa, da kasuwanni, da mayanka, da filayen jama'a, da sa ido kan shaguna, ya kuma ba ta hannu a bunƙasa noma da kiwon lafiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba ƙasa biyu: ta birni a hannun gwamna, wadda ba ta birni ba a hannun ƙaramar hukuma, tare da kwamitin ba da shawara kan rabon fili a kowace ƙaramar hukuma. Sashe na 6 na dokar ya ba ta ikon ba da fili na noma da na kiwo, ya kuma ba ta ikon ɗaukar fili don amfanin jama'a, ta biya diyya. Babu abin da ya hana majalisar kansilolin Sule Tankarkar ko ta Gagarawa ta zauna ta yi dokar cikin gida kan inda za a tara kara da taki, ta kuma ware wurin.

A aikace, abin da talaka ya fi gani na ƙaramar hukuma shi ne mai yankan rasit ranar kasuwa, sai kuma tawagar jaje bayan gobara, da buhun hatsi da tabarmi. Ban raina jajen ba, wanda ya wayi gari ba rufi ya san darajarsa. Amma a tsakanin rasit da jaje akwai aikin da aka kafa hukumar dominsa. Gari na faɗaɗa, ana yanka gonakin bakin gari fuloti-fuloti, kowane taƙi a sayar. Masussukar da ake tara amfanin gona a da, da filin da ake jibge kara nesa da gidaje, su ne ke fara tafiya, don ba su da mai su guda ɗaya da zai tsaya musu. Idan an zana sabuwar unguwa akan tuna da masallaci, wani lokaci da makaranta. Ba a cika tuna cewa mazauna wurin manoma ne masu dabbobi ba, kuma za su zo da kayansu. Dattawa har yau suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya duba kwata. Mutane na tsoronsa, kuma ba kullum yake adalci ba. Ban ce a dawo da tsoron ba. Abin da ke cikin labarin shi ne akwai lokacin da hukumar da ta fi kusa da mutane ta ɗauki tsabtar gari aikinta na yau da kullum.

Iyakar ikon ƙaramar hukuma ta bayyana ƙarara a Gagarawa. Wajen 2016 da 2017, a farkon mulkin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, maganar hekta 12,000 da gwamnatin jiha ta ware wa kamfanin Lee Group domin noman rake da masana'antar sukari ta yi zafi. Filin ya shafi ƙauyuka a Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura. Gwamnati ta kafa hujja da ayyukan yi da shirin ƙasa na rage shigo da sukari daga waje. Manoma da yawa suka fito fili suka ce ba su yarda a raba su da gonakin gado ba, wasu suka ƙi karɓar diyya. Doka ta riga ta nuna wanda zai yanke: ƙaramar hukuma ba ta iya ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 na noma, ko 5,000 na kiwo, sai da yardar gwamna, kuma gwamna na da ikon soke haƙƙin mallaka da sunan amfanin jama'a. Duk aikin da ya kai girman da zai sauya rayuwar yanki, a Dutse ake yanke shi. Kansilan da mutane suka sani da suna ba shi da ƙuri'a a teburin.

Akwai wani abu a dokar diyya da ya shafi maganarmu kai tsaye. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Ana biyan abin da aka kafa a kanta ne, kamar gini da rijiya da shinge da itatuwa masu daɗewa da amfanin da ke tsaye, kuma dokar ta fid da sakamakon noma na yau da kullum daga lissafi. Manomin da ya shekara ashirin yana kai taki gonarsa a mangala da amalanke har rairayin ya yi duhu ya fara riƙe laima, wannan wahalar ba ta da layi a takardar mai ƙiyasi. Haka karan da gonar ke ba shi kowace shekara, da harawar da ke riƙe da awakin matarsa. Wanda ya rasa gona a wannan yanki ya rasa hatsi, ya rasa abincin dabba, ya rasa makamashi, ya kuma rasa inda zai kai jujinsa. Ina ganin rashin fahimtar wannan na cikin abin da ya sa jami'i ke ganin ya biya, manomi kuma na ganin an ƙware shi.

Kowace masana'antar sukari, ko a ina take, tana fid da nata tarin. Kusan kashi uku cikin goma na nauyin raken da aka matse yana fitowa a matsayin tuƙa. Idan aka tara ta da yawa tana iya ɗaukar zafi ta kama wuta da kanta, ƙurarta kuma na cutar da huhu. Akwai laka da ake tacewa daga ruwan raken, akwai ruwan wanke injina, kuma idan ana yin man itanol, kowace lita ɗaya na barin lita goma zuwa goma sha biyar na baƙin ruwa mai tsami. A Birazil da Moris ana ƙona tuƙar a samar da lantarki, lakar kuma taki ce mai kyau da gonar rairayi za ta yi maraba da ita. Duk ya danganta da inda aka ajiye su, da yadda aka shafe ƙasan tafkin da ake tara ruwan, da wanda ke aunawa. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a buɗe gandun noma da ya kai hekta 500, kuma ƙa'ida ce a baje rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su duba, har da a sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa. Sai dai rahoton kundi ne mai kauri da Turancin injiniyoyi. A ajiye shi a kan teburin ofis a ce an sanar da jama'a, an cika sharaɗin doka amma ba a sanar da kowa ba. A nan ko ƙaramar hukumar da ba ta da ikon hana aiki tana da abin yi. Ta sa a taƙaita rahoton da Hausa, a karanta shi a ƙofar dagaci, a rubuta tambayoyin mutane a aika kafin kwanakin su cika: ina tafkin zai zauna, mita nawa tsakaninsa da rijiyarmu, wa zai gwada ruwan, sau nawa a shekara, wa za a nuna wa sakamakon?

Kada a ɗauka wannan rigima ta matalauta ce kawai. A Ingila, majalisar gundumar Herefordshire ta ga kogin Wye na lalacewa, ana danganta hakan da yawan kashin kaji daga manyan gonakin da suka cika yankin. Ta sa a tsarinta cewa mai neman izinin sabon gidan kiwo sai ya nuna inda kashin zai tafi. Ƙungiyar manoma ta ƙasa ta kai ta kotu, a watan Maris na 2025 babbar kotu ta ba majalisar gaskiya. A ƙasar kuma doka ce kada a tara taki ƙasa da mita 10 daga rafi, ko mita 50 daga rijiya ko burtsatse. Ba na kiran a kwafo dokokinsu, matsalarsu yawan taki ce, tamu ƙarancinsa. Abin ɗauka shi ne an yi tambayar kafin a ba da izini, kuma hukumar yankin ce ta yi ta.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ya buɗe ƙofa, ko da yake aiwatar da shi bai zo da sauƙi ba. Amma gyaran da ake bukata a nan ba mai cin kuɗi ba ne. Abin da zan yi gargaɗi a kai shi ne hanyar da ta fi sauƙi ga mai mulki, wato a tashi bayan wata gobara a yi shela cewa an hana ajiye kara a cikin gari. Umarni irin wannan ba ya kai wata guda, domin bai amsa tambayar mai karan ba. Sai an fara da wuri da mai gadi. Fili a bakin gari ta yamma ko kudu maso yamma, yadda iskar hunturu za ta kore tartsatsi daga gidaje, kowane gida da sashensa, da rata tsakanin tari da tari da aka share ciyawarta, da mai tsaro da ake biya daga ɗan abin da masu kaya suka amince su bayar. Hakimi da dagaci da masu unguwanni, a ƙarƙashin masarautar Gumel, su suka san filin da ba a rigima a kansa da mutumin da za a yarda da amanarsa. Ƙaramar hukuma ita ke da ikon mayar da shi na jama'a a rubuce don kada a wayi gari an yanka shi fuloti. Ɗaya ba ta iyawa sai da ɗaya. Kuma a watan Agusta ko Satumba ake wannan zama, kafin a kwantar da gero, tare da ardo a wurin, domin ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki da ranar da za a gama kwashe kara magana ɗaya ce.

Robobin feshi sun fi sauƙin kamawa, tunda daga shaguna ƙalilan suke fitowa, kuma shagunan na ƙarƙashin ikon ƙaramar hukuma. Ƙa'idar da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke koyarwa gajeriya ce: a ɗauraye robar sau uku a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda ta yadda ba za ta sake riƙe komai ba, a mayar inda ake tarawa. A sa wa mai shago sharaɗin ajiye durom na karɓa, hukumar kare muhalli ta jiha ta ɗauki nauyin kwashewa. Kashin da ke taruwa a kasuwar dabbobi ta Maigatari kowane mako, da na mayanka, idan aka tara shi a rami aka rufe maimakon a bar rana da iska su cinye ƙarfinsa, taki ne da manoma za su saya da kuɗinsu.

Wata magana da nake tsoron za a manta idan maza kaɗai suka zauna: yawancin awaki da tumakin da ke cikin gidajen nan na mata ne. Da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da su ake sayen magani idan ciwo ya zo da dare. Matar da ke cikin kulle ba za ta je bayan gari kullum ta ɗebo harawa ba, kuma ba kowace ke da yaron aike ba. Dokar da ta kwashe duk abincin dabba daga gida dukiyarta za ta fara taɓawa. Dole a bar wa kowane gida abin da zai ishe shi na mako ɗaya ko biyu, a ɗora shi sama nesa da madafa da ɗakin kwana, babban tarin ne zai koma fili. Nawa ne ke isar akuya biyar a mako, su matan suka sani, kuma sai an aika wadda za ta shiga gidaje ta tambaye su kafin kansiloli su rubuta adadi.